Kalmar da aka rubuta da tsakar dare

Da misalin ƙarfe 11 da rabi na daren Lahadi, 4 ga Maris, 1984, wani magidanci da matarsa suka shiga sashen kulawar gaggawa na Asibitin New York, a Amurka, tare da 'yarsu. Sunanta Libby Zion, shekarunta 18, tana ajin farko a Kwalejin Bennington ta jihar Vermont. Jikinta zafi rau, ma'auni ya haura digiri 39. Tana rawar ɗari, gaɓoɓinta suna fizga da kansu, ta kasa zama wuri ɗaya. Ta yi magana daidai yanzu, anjima kaɗan ta rikice.

Ba kara-zube suka zo ba. Likitan gidansu babban likita ne a wannan asibiti, kuma shi ya ce a kawo ta bayan mahaifin ya buga masa waya. Asibitin kansa ba ƙarami ba ne, asibitin koyarwa ne na Jami'ar Cornell, irin wanda masu hali suke kai nasu su koma gida su yi barci da minshari.

An tambayi tarihin lafiyarta. Kwanaki kaɗan kafin nan an cire mata haƙori, ta yi ta fama da abin da ya yi kama da mura. Ta kuma faɗa wa likitoci cewa tun farkon shekarar wani likitan ƙwaƙwalwa ya ɗora ta a kan maganin damuwa mai suna Nardil. An rubuta wannan a fayil ɗinta, ba a ɓoye ba. Aka yi gwaje-gwaje, ba a gano tushen zazzaɓin ba. Aka kira likitan gidan a waya, ya amince a kwantar da ita a yi mata ƙarin ruwa, a ga abin da safiya za ta haifar. Shi bai zo ba, ya bar ta a hannun na ƙasa da shi, kamar yadda aka saba a asibitocin koyarwa na wancan zamani.

Na ƙasan mutum biyu ne. Ɗaya mace ce, sabuwar likita, wata takwas kacal da fara aikin sanin makama. Ɗayan namiji ne mai neman ƙwarewa, yana shekararsa ta biyu. Wajen ƙarfe 2 na dare aka kai Libby ɗakin kwanciya, suka duba ta ɗaya bayan ɗaya. Namijin ya ɗauki alƙalami ya rubuta abin da yake gani: ciwon ƙwayar cutar bairos ne, haɗe da alamun histeriya.

Kalmar nan ta ƙarshe tana da dogon tarihi. Asalinta daga harshen Girka ne, daga sunan mahaifa, domin likitocin dā sun ɗauka mahaifa ce take yawo a jikin mace tana birkita mata hankali. Ƙarni bayan ƙarni ana liƙa wa mata ita duk lokacin da ciwonsu ya gagari fahimta. A 1980, shekara huɗu kafin wannan dare, ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta cire ta daga jerin cututtukan da ke cikin kundinta. Amma cire kalma daga littafi ya fi cire ta daga baki sauƙi. A bakin ma'aikatan asibiti ma'anarta ba ta wuce abin da mu za mu kira raki ba: yarinya ce mai shan maganin damuwa, ɗan zazzaɓi ya kama ta, ta ɗaga hankalin kowa.

Don a kwantar da rawar ɗarin, aka rubuta mata allurar Demerol, wato maganin kashe zafin ciwo da aka fi sani da fetidin a asibitocinmu. Ba mai yawa aka rubuta ba, miligiram 25 ne. Wajen ƙarfe 3 iyayen suka ga an karɓe ta, an sa mata ruwa, suka tafi gida da niyyar dawowa da safe. Mai neman ƙwarewar ya tsallaka titi zuwa ɗakin da aka tanada musu ya kwanta, a kan a kira shi idan wani abu ya taso. Sabuwar likitar ta wuce wajen sauran majinyata. A daren nan kusan mutum 40 ne a wuyanta.

Bayan an yi allurar, maimakon jiki ya lafa, sai abin ya ƙaru. Libby ta shiga bige-bige, tana fizge robar ƙarin ruwa, tana ƙoƙarin haure ƙarfen gefen gado. Ma'aikatan jinya suka kira sabuwar likitar a waya. Ba ta zo ba. Daga inda take ta ba da umarni a ɗaure ta. Aka sa mata rigar ɗauri, aka ɗaure hannaye da ƙafafu a jikin gado. Da fizge-fizgen bai tsaya ba, ta sake ba da umarni ta waya a yi mata allurar Haldol, wadda ake yi wa mai taɓin hankali idan ya birkice. Daga nan yarinyar ta yi shiru, aka ce ta samu barci.

Sai ƙarfe 6 da rabi na safe aka sake auna zafin jikinta. Ya kai digiri 42. Nan fa aka shiga gudu, aka kawo ƙanƙara da bargon sanyaya jiki. Kafin a kai ga nasara zuciyarta ta tsaya. An yi ta ƙoƙarin farfaɗo da ita, ba ta dawo ba. Sabuwar likitar ce ta ɗaga waya ta sanar da iyayen. Tsakanin shigarta asibiti da fitar ranta awa takwas ne.

Me ya kashe ta? An shekara goma ana jayayya a kan wannan. Rahoton farko na binciken gawa ya ambaci ciwon huhu. Amma abin da mafi yawan likitoci suka tsaya a kai daga baya shi ne haɗuwar magunguna biyu. A ƙwaƙwalwa akwai wani sinadari mai suna sirotonin. Aikin Nardil shi ne hana jiki narkar da shi, don ya taru ya sauƙaƙa damuwa. Fetidin kuma yana hana jijiyoyi kwashe wanda ya fito. Idan aka haɗa su, ta nan an toshe, ta can an toshe, sinadarin ya yi ambaliya. Alamun abin su ne zazzaɓi mai hauhawa, da rawar jiki, da ƙagewar tsoka, da ruɗewa, da rashin natsuwa. Wato duk abin da aka gani a jikinta aka kira shi raki, yana cikin jerin alamun. Ɗaurin da aka yi mata ma ƙarin itace ne a wuta, domin tsokar da take kokawa da igiya zafi take ƙara haifarwa. Gargaɗin kada a haɗa magungunan nan biyu kuwa yana nan a rubuce cikin babban littafin magunguna da likitocin Amurka suke dubawa.

Da 'yar wani ce, da wataƙila a nan labarin zai ƙare, a yi jana'iza, a ce kwana ya ƙare. Amma mahaifinta Sidney Zion ne. Lauya ne da ya taɓa zama mai gabatar da ƙara na gwamnatin tarayya a jihar New Jersey, daga baya ya koma aikin jarida, ya yi wa jaridar New York Times aiki. Shi ne a 1971 ya fallasa cewa Daniel Ellsberg ne ya fitar da takardun sirrin ma'aikatar tsaron Amurka kan yaƙin Biyetnam. Mutum ne mai zafin kai da kaifin alƙalami, ya san alƙalai, ya san editoci, ya san 'yan siyasa. Da ya karɓi fayil ɗin 'yarsa ya karanta, ya ga babu wani babban likita da ya ɗora ido a kanta duk daren, ya ga cewa daga lokacin da ta birkice har zafin ya kai 42 babu likitan da ya tsaya a bakin gadonta, sai ya ƙi kiran abin kuskure. Kisan kai ya kira shi, a jarida da rediyo da talabijin. Ya ce an ba ta maganin da zai kashe ta, sannan aka ɗaure ta kamar kare aka juya baya.

Ya kuma tono abin da jama'a ba su sani ba. A lokacin, likita mai neman ƙwarewa yakan yi awa 36 a jere a bakin aiki, kuma awa 100 a mako ba abin mamaki ba ne. Manyan likitoci suna ganin hakan wata makaranta ce: haka muka sha, haka za ku sha, a nan ake gane ƙarfen da zai yi wuƙa. Sidney ya rubuta cewa ko yaron da bai shiga aji ɗaya ba ya san wanda ya yi awa 36 a jere a bakin aiki bai kamata a ba shi hukuncin rai da mutuwa ba.

Matsin lambarsa ya sa babban mai gabatar da ƙara na Manhattan, Robert Morgenthau, ya miƙa maganar a 1986 ga kwamitin mutanen gari da ke duba ko akwai hujjar gurfanar da wani kan laifi. Abu ne da ba kasafai ake yi ba a kan sakacin likita. Kwamitin ya ƙi tuhumar likitocin. Amma a ƙarshen shekarar ya fitar da rahoto mai zafi, ya ɗora laifin a kan tsarin da ke barin sababbin likitoci su kaɗai da dare, a gajiye, babu na gaba a kusa. Ya ba da shawarar a taƙaita awannin aikinsu, a tabbatar akwai ƙwararre a cikin asibiti, a yi doka kan ɗaure majinyaci, a kuma duba yiwuwar sa kwamfuta ta riƙa gargaɗi idan an rubuta magungunan da ba sa jituwa.

Kwamishinan lafiya na jihar, David Axelrod, ya kafa kwamiti a 1987 ƙarƙashin Dokta Bertrand Bell na Kwalejin Likitanci ta Albert Einstein, mutumin da ya daɗe yana sukar yadda ake sakin ɗalibai ba mai duba su. Daga shawarwarin kwamitin aka fitar da ƙa'idar da ta fara aiki ranar 1 ga Yuli, 1989: mai neman ƙwarewa ba zai wuce awa 80 a mako ba, ba zai wuce awa 24 a jere ba, kuma dole a samu gogaggen likita a cikin asibiti dare da rana. New York ce jiha ta farko da ta yi haka. A takarda sunanta sashe na 405 na dokar lafiyar jihar. A bakin mutane kuwa Dokar Libby Zion ce.

Su kuma matasan likitocin biyu, sun shiga wani dogon rami. Hukumar ladabtar da likitoci ta jihar ta tuhume su da laifuffuka 38 na mummunan sakaci. An yi zaman sauraro daga 1987 zuwa 1989. A nan ne wani abu ya fito da ya ba kowa mamaki: manyan likitoci, har da shugabannin sassa a fitattun makarantun likitanci, suka rantse cewa su ma ba su taɓa jin hatsarin haɗa magungunan nan ba kafin wannan lamari. Kwamitin sauraron ya wanke su. Majalisar da ke ba da lasisi ta ture wannan ta yi musu jan kunne a hukumance. A 1991 kotun ɗaukaka ƙara ta soke jan kunnen. Asibitin dai ya amsa cewa kulawar da ya bayar ta gaza, ya biya jihar tarar dala 13,000.

Saura ƙarar neman diyya da iyalin suka shigar. Sai a ƙarshen 1994, shekara goma bayan rasuwar, aka fara sauraronta, kuma tashar Court TV ta riƙa nuna ta kai tsaye. A nan shari'ar ta juya ta koma kan mamaciyar. Lauyoyin asibitin suka ce Libby ta sha hodar iblis kafin a kawo ta, ta ɓoye wa likitoci, kuma ita ce ta kashe ta. Hujjarsu wani gwaji ne da ya nuna ɓurɓushin hodar, alhali wani gwajin bai nuna komai ba. Aka baje rayuwarta a fili: likitocin da ta gani, magungunan da aka rubuta mata, damuwar da ta kai ta wajen likitan ƙwaƙwalwa. Iyayen suna zaune suna ji. Yarinyar da aka ce raki take yi tana raye, yanzu ana cewa ƙarya ta yi, ita kuma ba ta da bakin kare kanta. Wata marubuciya, Natalie Robins, ta fitar da littafi a kan lamarin a 1995, ma'anar sunansa yarinyar da ta mutu sau biyu.

A watan Fabrairun 1995 masu taya alƙali yanke hukunci suka dawo da amsarsu. Sun ce likitoci uku, har da likitan gidan, sun yi sakaci wajen ba ta Demerol. Sun ce asibitin ya yi sakaci da ya bar sabuwar likita da majinyata 40, amma wannan sakacin ba shi ne ya jawo mutuwar ba. Sun ƙi yarda cewa an yi ganganci, saboda haka babu diyyar horo. Suka raba laifi biyu daidai, rabi na likitoci, rabi na Libby saboda zancen hodar. Suka yanke dala 750,000 kan azabar da ta sha, aka raba biyu ya koma 375,000. Kan rasa ran kansa kuwa, dala ɗaya suka rubuta, domin dokar jihar asarar kuɗi take aunawa, ɗaliba 'yar shekara 18 kuma ba ta ciyar da kowa. Bayan watanni alƙalin, Elliott Wilk, ya soke ɓangaren da ya ɗora mata rabin laifi, amma kuɗin ya tsaya a 375,000. An wanke sunanta a takarda, ba a ƙara ko sisi ba.

Shari'a saɓanin hankali. Abin da aka gina doka a kansa, wato yawan aiki da gajiya, shi ne kotu ta ce ba shi ya kashe ta ba. Duk da haka dokar ta ci gaba da tafiya, ko da yake da ɗingishi. Binciken ba-zata da jihar ta yi a 1998 ya samu asibitoci da dama suna take ta. A 2003 hukumar da ke kula da horon likitoci a duk faɗin Amurka ta ɗauki ƙa'idar awa 80 ta mai da ita ta ƙasa baki ɗaya. A 2011 aka rage wa 'yan shekarar farko zuwa awa 16 a jere, a 2017 aka mayar da su 24, saboda an lura yawan miƙa majinyaci daga hannu zuwa hannu shi ma yana da nasa hatsarin. Dokta Bell kansa ya yi ta nanatawa har tsufansa cewa an bar jaki ana dukan taiki: kowa ya riƙe zancen awanni domin su ake iya ƙirgawa, aka manta da babban abin da kwamitinsa ya nema, wato a samu na gaba a kusa da na baya.

Ni kuwa duk lokacin da na bi labarin nan daga farko, wurin da nake tsayawa shi ne layin da aka rubuta da tsakar dare. Wanda ya rubuta shi ba mugu ba ne, kuma rabin abin da ya rubuta zato ne mai ma'ana, don zazzaɓi da ciwon jiki sukan zo da bairos. Rabi na biyun ne ya yi ɓarna, domin ya sauya yadda za a karanta duk abin da zai biyo baya. A ce fayil ɗin ya tsaya a kan zazzaɓin da ba a san tushensa ba. Ma'aikaciyar jinya ta kira ta ce majinyaciya tana bige-bige, tana fizge ruwa. Likitar da ta ji haka za ta ji ciwo yana ƙaruwa, ta nemi a auna zafi, ta taso. Amma fayil ya riga ya ce mai raki ce. Saƙon da ya iso kunnenta shi ne yarinyar nan ta sake farawa. Mai majinyata 40 da ƙafa biyu dole ta zaɓi inda za ta, kuma kalmar ta riga ta yi mata zaɓin. Mai ciwo ake dubawa, mai rigima ɗaure shi ake yi.

Abin da ya sa wannan zato yake da hatsari shi ne ba ya ƙaryatuwa da kansa. Idan likita ya ce taifot ne, gwaji zai iya cewa a'a. Idan ya ce damuwa ce ko tsoro, duk ihun da majinyaci ya ƙara yi sai ya zama ƙarin shaida. Ya yi shiru kuma, a ce ai ga shi ya kwanta. Libby ta yi duka biyun a dare ɗaya, aka karanta kowanne a matsayin tabbacin abin da aka rubuta. Maganin damuwar da ta ambata da bakinta ya kamata ya zama jan fitila a kan allurar da za a yi mata. Sai ya zama dalilin rage nauyin kukanta. Shi ya sa malaman likitanci suke koyar da cewa damuwa ita ce ta ƙarshe a layi, ba a kiran sunanta sai an kore duk abin da zai iya kisa kafin gari ya waye. Mai damuwa ma yana kamuwa da sanƙarau, jini yana daskare masa a huhu, magani yana yi masa illa kamar kowa.

Kotu ta iya sa wa allura farashi, domin akwai sunanta da nauyinta da lokacin da aka yi ta. Hukuma ta iya ƙirga awanni. A yau idan likita a Amurka ya rubuta fetidin ga mai shan Nardil, kwamfuta za ta tare shi kafin takardar ta isa wajen mai ba da magani. Kalmar nan kuwa babu wanda ya biya diyyarta. Ta dai sauya riga. Ba a cika rubuta histeriya ba yanzu, ana rubuta fargaba, ko firgita, ko yawan tunani.

Sidney Zion ya rasu a 2009, shekara 25 bayan 'yarsa. Ya ga dokar ta game ƙasa, bai ga an hukunta kowa yadda ya so ba. Matasan likitocin biyu sun ci gaba da aikinsu. Duk sabon likitan da ya shiga asibitin koyarwa a Amurka yana aiki ne da jadawalin da mutuwar Libby ta tsara, ko ya san sunanta ko bai sani ba. Jadawalin ya faɗa masa lokacin da zai tafi gida ya yi barci. Idan waya ta yi ƙara da ƙarfe 4 na asuba aka ce mai gado kaza ta sake birkicewa, tashi ya je ya taɓa goshinta ko ba da umarni daga inda yake zaune, wannan har yanzu yana hannunsa.